Daga Tudun Ɓuntu Zuwa Matan Fada

Hayaƙi ne ya fara yi mini maraba da zuwa Birnin Kebbi. Mun baro Jega bayan la'asar, muka wuce Kalgo rana na shirin faɗuwa, sai na hango wani farin abu kwance a kan gonaki, ya ƙi tashi sama, ya ƙi watsewa. Watan Fabrairu ne, hunturu na tattara komatsansa, don haka na ɗauka hazon da ya bari ne. Direba ya ɗage gilashi ya ce, "Malam, wanga ba hazo na ba. Ɓuntu na."

Ɓuntun shinkafa ba ya ci da wuta bal-bal kamar kara. Ci yake a ciki, a hankali, kwana da kwanaki, saman tudun ya yi fari fat da toka, ƙasansa kuwa garwashi ne ja wur. Warinsa ya shigo motar duk da gilashin, wata tsohuwa da ke bayana ta ja gefen mayafi ta rufe wa jikanta hanci. Ni kuwa sai ya tuna mini da gida. A Kano na tashi, ba nisa da Sharaɗa, inda ruwan kamfanonin jima ke bin lambatu yana canza launi har ya faɗa Kogin Calawa. Mun girma muna jin ana cewa akwai doka, muna kuma shaƙar abin da dokar ta hana. Tun daga lokacin nake da wata ɗabi'a: duk garin da aka ce mini masana'antu sun bunƙasa, kafin in tambayi abin da suke fitarwa ta ƙofar gaba, sai in zagaya in ga abin da ke fita ta baya.

Kebbi kuwa ta bunƙasa, wannan ba a musu. Jiha ce da aka yanko daga Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma noman shinkafa a fadamar Rima ya girmi jihar da ɗaruruwan shekaru. Amma abin ya canza kama ne daga ranar 17 ga Nuwamba, 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoma rancen iri da taki da injin ban-ruwa. A 2016 Kebbi ta ƙulla yarjejeniya da Legas, aka riƙa noma shinkafa a nan ana sayarwa can da sunan Lake Rice. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar waje ta yi wuya, sai duk mai ɗan abin hannu ya sayi injin casa ya kafa a bayan gari. Shanshera ta yi daraja, matasa suka sami aiki, mata masu gumi suka sami ciniki. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ɗauka na zo ne da baƙin cikin arzikin Kabawa. Na ci tuwon shinkafarsu, na kuma yi santi.

Sai dai shinkafa ba ta zuwa tsirara. Idan ka auna shanshera kilo biyar, kusan kilo ɗaya ɓuntu ne. Idan kuma ta gumi za a yi, sai an jiƙa ta, kuma kowane kilo yana barin ruwan jiƙo kusan lita guda. Ka ninka wannan da buhunan da ke shiga injinan Birnin Kebbi kaɗai a rana, za ka gane inda tudun nan da na gani a bakin hanya ya fito.

Washegari da safe wani abokina malamin makaranta ya kai ni wurin ɗan'uwansa, mai ɗan matsakaicin injin casa a gefen gari. Alhajin ya tarbe mu da fara'a, hularsa da girarsa duk sun yi fari da ƙura. Ya zagaya da ni: ga tankunan jiƙo guda huɗu, ga tukunyar turara, ga shimfiɗar siminti inda samari ke baza shinkafa da manjagara, ga injin yana ta ruri har sai ka ɗaga murya. Na ce ina son ganin baya. Bai yi musu ba.

A bayan katanga akwai wani bututu da ya huda bango. Ruwa ne ke fita, launin ƙasa-ƙasa, da kumfa a kai, da wari mai tsami irin na gasara da ta kwana uku. Ya bi wata 'yar kwata ya taru a kududdufi, inda ya yi baƙi, sauro na shawagi a kai da rana tsaka. Na tambayi inda ruwan ke zuwa idan damina ta sauka. Ya nuna gangare da haɓa. Gangaren kuwa fadama ya nufa.

Mutane da yawa ba su ɗauki ruwan jiƙo a matsayin guba ba, tunda abinci aka wanke a ciki. Gaskiya ne, ba irin ruwan jima ba ne mai ɗauke da sinadarai masu nauyi. Illarsa ta wata hanya take zuwa. Yana ɗauke da sitaci da ɓurɓushin dusa, ƙwayoyin halitta na cikin ruwa su far masa da ci, a cikin cin nan kuma su shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ruwa mai gudu da yawa yana iya haɗiye abin. Amma a watannin rani, lokacin da gulbi ya ja da baya ya koma tafkuna-tafkuna, kifi sai ya taso sama yana hamma, da safe a tarar da shi ya juya ciki. Babu wanda ya zuba masa guba. Numfashi aka ƙwace masa.

Na ce, "Alhaji, hukuma ba ta taɓa magana a kan wannan bututun ba?"

Ya yi murmushi, ya ja ni ofis, ya buɗe wata jakar leda cike da takardu. Ga rasiɗin haraji iri-iri, ga na harabar kasuwanci, ga na allon talla, ga na shara. Ya ce, "Malam, dibi nan. Masu karɓa ba su taɓa ɓata hanya ba. Amma wanda za ya zo da kwalba ya ɗebi ruwan ga ya auna, ya ce mini ga yadda zan gyara, ban gan shi ba tukuna. In ya zo, wallahi ina saurare."

Na yarda da shi. Ba mugu ba ne, kuma 'ya'yansa ma a unguwar suke kwana, hayaƙin ɓuntun da yake ƙonawa su ma shi suke shaƙa. Da na tambaye shi me ya sa ba ya amfani da ɓuntun duka wajen hura tukunyar turara, sai ya ce yana yi, amma abin da injin ke fitarwa ya fi ƙarfin tukunyar. Masu kiwon kaji suna ɗiba su shimfiɗa a ɗakunan kaji, masu bulo na ƙasa suna ɗiba, sauran kuwa in ya bar shi zai cinye masa fili. Mota guda ta kwashewa kuɗi ce, ga man dizal ya yi tashin gwauron zabi. Ashana kuwa ba ta da tsada.

Da dare abokina ya haɗa ni da wani dattijo a teburin mai shayi, tsohon ma'aikacin kula da muhalli ne da ya yi ritaya. Mutum ne mai son a fara magana daga tushe, don haka sai da ya mayar da ni 1988. A shekarar ne aka gano cewa an shigo da dubban gangunan dattin masana'antu mai guba daga Italiya, an jibge su a wani fili a ƙauyen Koko mai tashar jirgin ruwa, a Jihar Bendel ta lokacin, Delta ta yanzu. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba Kokonmu ta hanyar Yawuri ba, ka rubuta da kyau." Ma'aikatan tashar jirgin ruwa da suka kwashe gangunan sun ƙone, wasu suka kwanta asibiti. Kunyar abin ta sa gwamnatin Janar Babangida ta kafa doka mai lamba 42 a kan datti mai cutarwa, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai, da kuma mai lamba 58 da ta haifar da hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka zo da doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasirin kowane babban aiki a kan muhalli tun kafin a sa harsashi. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da daji. A 2007 kuma aka kafa NESREA domin ta tilasta bin ƙa'idojin, ta fitar da jerin dokoki a 2009, ciki har da na masana'antun abinci, wanda injinan shinkafa ke ƙarƙashinsa.

Na ce to me dokar ke nema daga mutum kamar Alhaji? Ya ƙirga mini da yatsu. Kada ka saki ruwan masana'anta sai ka tace shi ya kai mizani. Ka nemi izinin saki. Kada ka ƙona datti a fili. Ka riƙe rubutaccen tsarin yadda za ka kula da dattinka. Duk shekara uku ƙwararre ya binciki wurinka ya rubuta rahoto. Hukumar tana da ikon garƙame wuri da kwaɗo, tana da ikon kai mutum kotu.

Ya kurɓi shayi ya ce, "Dokar ba ta da laifi a takarda. Amma riga ce da aka ɗinka da awon ƙato, aka ce yaro ya sa." Kuɗin da ƙwararre zai nema ya rubuta rahoton nan ya kusa ribar ƙaramin inji ta wata da watanni. Mai injin da ya ji adadin sai ya gwammace ya ɓuya. Shi kuma jami'i, a zamaninsu, sau da yawa da babur ɗinsa yake fita, da mansa. In ya ɗebi ruwa a kwalba, sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai ɗakin gwaji, ruwan jiƙo kuwa ba ya jira, cikin zafin nan yana canzawa a hanya, sakamakon ya fito ba na ruwan da aka ɗiba ba. Ba tare da sakamako ba kuma ba ka da abin nuna wa alƙali. Daga nan sai aikin ya koma rubuta takardar gargaɗi, daga gargaɗi ya koma karɓar tara, daga tara kuma kowa ya san inda ake zarcewa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganin ba wani abin a zo a gani ba ne. Rami biyu ko uku a jere, a daɓe su da laka ko siminti: na farko ƙura ta kwanta, na biyu rana da iska su yi aikinsu, na uku a shuka ciyayin ruwa su tsotse saura. Ruwan da ya fito daga nan ana iya ban-ruwan lambu da shi. Tokar ɓuntu kuma, wadda yawancinta sinadarin yashi ne, masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna gwada ta a haɗin siminti da bulo, manoma ma suna zuba ta a gona. Ya ce da za a tara masu injina a unguwa guda, a haƙa musu ramuka na tarayya, a ce kowa ya kawo abin da zai iya, da an wuce wurin. Sai ya tambaye ni ko na riski duba-gari. Na ce na ji labarinsu wurin kakata, yadda mata ke rige-rigen wanke randa in an ce ga shi nan tafe. Ya ce, "To shi duba-gari ba takarda yake aikowa ba. Da ƙafarsa yake zuwa, ya leƙa randar da idonsa, kuma an san gobe ma zai dawo."

Na kwana da wannan magana, na tashi da ita, na shiga motar Argungu.

Tafiyar kimanin kilomita hamsin ce. Ka fita ta Gwadangaji, ka wuce Zauro da Ambursa inda filin jirgin sama yake, hanya na bin gefen tudu, fadama kuma na shimfiɗe a hannun hagu iya ganinka. Wanda ya saba ganin Arewa a rani, busasshiya ƙurmus, in ya zo nan sai idonsa ya yi sanyi. Kore ne shar, an yanka shi fala-fala, ƙananan injinan ban-ruwa na ta ƙugi a kan rijiyoyin da aka huda da bututu, balbelu na bin manoma. Gulbin Rima da ke shayar da wannan fadama daga nesa ya taho. Wani reshensa ya faro daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ya ratsa Maraɗi, ya dawo Nijeriya. Ya bi ta madatsar Goronyo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato da ya sauko ta madatsar Bakolori, sannan ya gangaro Argungu da Birnin Kebbi kan hanyarsa ta zuwa Kwara. Duk abin da aka zuba masa a sama, nan yake kawowa.

Na roƙi direba ya sauke ni a wani ƙauye, na gangara cikin gonakin. A nan na ga masana'antar da ta fi kowace girma a Kebbi, wadda ba ta da bututun hayaƙi, ba ta da ƙofa balle a garƙame ta. Wani saurayi ne goye da famfon feshi, ba takalmi, ba safar hannu, ya ɗaura tsumma a hanci, ruwan maganin na ɗiga ta bayan rigarsa. A bakin kwarin ban-ruwa ga kwalaben maganin ciyawa da na ƙwari a yashe, wasu da saura a ciki. Da ya gama sai ya tsuguna ya wanke famfon a cikin kwarin, ya wanke fuska, ruwan ya wuce gonar maƙwabci.

Na ce, "Samari, wa ya koya maka yawan da za ka zuba?"

Ya ce mai shago ne ya ce murfi biyu, amma shi uku yake sawa don ya fi ci.

Hukumar NAFDAC ce ke rajistar waɗannan magunguna, tana kuma hana wasu. A 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da shaguna barkatai. Amma rubutun da ke jikin kwalba da Turanci yake, ƙanana kamar ƙafar tururuwa, malamin gona kuwa ɗaya ne ga ƙauyuka da yawa. Idan ambaliya ta zo, irin ta 2020 da ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan, duk kwalaben nan da takin da aka watsa ruwa ke kwashe su ya kai gulbi. Ban ga laifin saurayin ba. Tari yake yi tun kafin in bar wurin, kuma shekarunsa ba za su wuce na ɗana na fari ba. Na ce masa ya riƙa sa takalmin roba, ya daina wanke famfo a ruwa mai gudu, ya ce to Baba. Na hau tudu ina jin nauyin cewa abin da na ba shi bai kai ko rabin abin da yake buƙata ba.

A Argungu, abin da ya fi komai tsawo yanzu shi ne rumbunan ƙarfe na kamfanin shinkafa na WACOT, wanda Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe a watan Agustan 2017, da ƙarfin sarrafa tan 120,000 na shanshera a shekara. An tsara shi ne ya riƙa ƙona ɓuntunsa yana samar da tururi da wutar lantarki, wato abin da Alhaji ke cinna wa ashana don ya rabu da shi, a nan makamashi ne. Irin waɗannan manyan kamfanoni, da shi da Labana na Birnin Kebbi, su ne dokar ke iya gani, domin suna da adireshi, sunansu na jikin buhu, suna hulɗa da bankuna. Bankin da zai ba da rancen biliyoyi yakan nemi takardar binciken muhalli kafin ya saki kuɗi, kuma sau da yawa wannan ya fi wasiƙar hukuma sa kamfani ya miƙe tsaye.

Duk da haka akwai wani giɓi da ya shafi kowane babban aiki a ƙasar nan, daga Kalambaina har Fatakwal. Tsarin ya ce a baje rahoton binciken muhalli a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 domin mai ƙorafi ya yi. Rahoton kuwa littafi ne mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin masana, a ajiye a ofis. Masuncin da ruwansa ake magana a kai, ta yaya zai karanta? Ni a ganina ba a baje komai ba sai an taƙaita shi da Hausa, an karanta a rediyo, an karanta a ƙofar fadar hakimi, an faɗi ƙarara: ruwa kaza za mu ɗiba, kaza za mu mayar, ga inda zai fita, ga wanda za ku kira in kun ga ya canza launi. Haka kuma sakamakon awon da ake yi bayan an fara aiki, a liƙa shi a bakin ƙofa kowa ya gani. Kamfanin da ke bin ƙa'ida ba abin da zai rasa, sai ma ya sami shaidu.

Na leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar wurin adana kayan tarihi a 1958. Akwai makamai da sulke da tambura, akwai kaburburan sarakuna, amma ni sashen kayan su ne ya riƙe ni: homa iri-iri, gora, mashi, ƙugiya. Daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 ta yi suna da yaƙi, amma gulbi ne ya ciyar da ita.

Daga nan na gangara Matan Fada, wurin da ake bikin kamun kifi.

Wanda ya san wurin a talabijin kawai zai yi mamaki. Ranar biki dubban mutane ne ke rugawa cikin ruwa da gora da homa, ƙura ta tashi, kalangu na tashi. Ranar da na je babu kowa sai wani dattijo a ƙarƙashin bishiya yana ɗinkin koma, da yara biyu a nesa. Ruwan ya kwanta luf, jefi-jefi wani abu ya motsa a ƙasa, da'ira ta bazu. Na yi sallama na zauna.

Bikin kamun kifin Argungu ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. An taɓa kama giwan ruwa mai kilo 75 a 2005. Amma tun kafin baƙi su fara zuwa kallo, Kabawa na da gyaran ruwa da fashin ruwa, suna da Sarkin Ruwa da Homa. Abin da masu kallo ba sa lura da shi shi ne, wannan sa'a guda ta hayaniya, shekara guda ta haƙuri ce ta haife ta. An hana su a wannan yanki na gulbi sai ranar da aka buɗe. Kifi ya samu inda zai ɓuya ya hayayyafa ya girma. Doka ce ta kare muhalli, cikakkiya, kuma ta girmi FEPA da NESREA nesa ba kusa ba.

Na ce, "Baba, in mutum ya saci jiki da dare ya jefa koma fa?"

Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Kahin azahar an san shi. Kihin Matan Hwada ba ya ɓoyuwa a kasuwa. Kuma wa za ya saye? Mun san uwatai, mun san ubanai. Sarkin Ruwa ya kira shi, in ta yi tsanani a kai shi gaban Sarki. Kunyar ta hi tarar ciwo."

Na tambaye shi labarin gamalin. Nan ya ajiye allurar. Ya ce an yi zamanin da wasu marasa tsoron Allah ke zuba shi a tafki, kifi ya taso duka, babba da ƙarami har ƙwai, a kwashe a kai kasuwa, mutane su ci su kwana gudawa. Tafkin da aka yi wa haka sai ya shekara bai dawo ba. Gamalin maganin ƙwarin koko ne daga kudu, sinadarin da ke cikinsa duniya ta sa shi cikin jerin haramtattu a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm a 2009, dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ma ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Dattijon bai san lambar ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba. Abin da ya sani shi ne masunta da kansu suka tashi, suka riƙa kwana a bakin ruwa, wanda aka kama aka ƙwace kwalekwalensa, har abin ya ja baya a yankinsu.

Sai na ce, to ai ku kun gama, ba ku buƙatar gwamnati. Ya girgiza kai. Ya ce a da, yauni da balli da ragon ruwa ba abin labari ba ne, yanzu yaro sai ya girma bai ga babban yauni ba. Tarwaɗa da karfasa ne suka rage da yawa. Ruwa ba ya zuwa yadda ya saba tun da aka yi madatsun sama, wata shekara ya ƙi cika fadama inda kifi ke ƙwai, wata shekara a sako shi gaba ɗaya ya ci gari. A 2006 ma sai da aka hana shiga ruwa a bikin saboda ƙarancinsa. Yashi na cike gurabe masu zurfi. Wani lokaci kuma da farkon damina ruwan fari yakan zo da wani wari, ƙananan kifi su mutu a gefe.

Ya ce, "Wanda ya zuba guba da hannunai, mun iya da shi. Amma ruwan da ya taho daga nesa da cuta a ciki, wa za mu kira gaban Sarki? Ikon Sarkin Ruwa iyakarsa inda kwalekwalenai ya kai."

Na tuna da Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dokokin haƙar ma'adinai na nan a rubuce a lokacin. Ba wanda ya auna komai sai da likitocin agaji suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri ma, cikin jihar nan.

A zaune a wurin na ga rabon aikin a fili. Gwamnati na da ɗakin gwaji, da ikon da ya ratsa jihohi, da damar magana da masu kula da madatsun ruwa, amma ba ta kwana a bakin gulbi. Dattijon nan yana kwana a bakin gulbi, yana gane canjin ruwa da hanci tun kafin kwalba ta isa ko'ina, amma ba shi da lambar wayar da zai kira a ɗauka. Na tambaye shi ko wani jami'i ya taɓa zama da su ya ce in kun ga kifi ya mutu ku sanar da ni. Ya ce ana zuwa, gab da biki, a duba ko ruwa zai isa. Da za a ba Sarkin Ruwa da mutanensa matsayi a cikin tsarin sa ido, a horar da 'ya'yansu biyu-uku da suka yi makaranta yadda ake auna iskar ruwa da 'yar ƙaramar na'ura, a kuma wajabta wa hukuma amsa kiransu cikin kwana ɗaya, da an sami duba-garin da tsohon ma'aikacin nan ke kewa, ba tare da an ɗauko shi daga Abuja ba.

Kafin in tashi ya kira ɗaya daga cikin yaran, ya karɓi wata kwalba da yake wasa da ita, ya shinshina, ya ɓata fuska. Kwalbar maganin ciyawa ce, ruwa ya kawo ta. Ya ce wa yaron kada ya ƙara shan ruwa da irinta, ya cusa ta cikin jakarsa ta saƙi. Na leƙa jakar, akwai wasu guda huɗu.

Na sayi soyayyar tarwaɗa a bakin kasuwa, na bi ta wata unguwa inda mata ke gumi a rabin ganga. Wata Inna na hura wutarta da ɓuntu a murhun gwangwani mai rami a tsakiya, wutar na ci shuɗiya-shuɗiya ba hayaƙi sosai. Ta ce itace ya yi tsada, ɓuntu kuwa yara ke ɗebo mata kyauta a bayan inji, tokar kuma maigidanta na kaiwa gonar albasa. Na ɗauki hoton murhun da izininta.

Mun iso Birnin Kebbi bayan magariba. Tudun nan na bakin hanya na nan yana ci, cikin duhu kana hango jan garwashin ta tsagogin tokar. Ina shiga masauki wayata ta yi ƙara, ashe Alhaji mai inji ne, abokina ya ba shi labarin hirarmu da dattijon mai ritaya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ramukkan nan da aka ce, biyu na ko ukku? Kuma zurhin kamu nawa?"

Na ce ya ba ni minti biyar. Na kira dattijon, na tarar yana teburin mai shayi. Ya ce in gaya wa Alhaji ya tanadi igiyar awo da mutum biyu masu diga, zai zo da kansa bayan sallar asuba.